Inda nake zuwa duk Alhamis ya tsayar da auren ɗiyata

Assalamu alaikum Admin, barka da ƙoƙari, ya iyali ya jama'a, Allah ya saka da alheri. Don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, kuma in da hali ka sa wannan saƙo yau ɗin nan kafin la'asar, in ka karanta har ƙarshe za ka ga dalili. 'Yan uwa na guruf ina gaishe ku manya da yara. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, ban da wanda zan faɗa ma maganar nan ido da ido.

Ni tela ne a nan cikin Katsina, ta wajen Ƙofar Durbi, shekarata arba'in da takwas, mata ɗaya 'ya'ya shida. Shagona a jikin gida yake, ɗaki ne muka fasa mashi ƙofa ta waje. In ka tambayi unguwa za a ce maka mutumin kirki ne, sahun gaba, ba ya cin yadin mutane, ɗinkin Sallah ne kawai yake saɓa alkawari kamar kowane tela. Tau abin da unguwa ba ta sani ba, ko kuma ta sani ta rufa mani asiri, shi ne na fi shekara ashirin ina shan giya. Sau uku ina rubuta kalmar nan ina gogewa. Wanda zai fara da cewa in ji tsoron Allah, na gode, amma ya adana datarshi, wa'azin da na yi ma kaina a kan sallaya ya fi wanda zai yi mani zafi. Na san haramun ne, na san hukuncin, na san ayar. Ba fatawa na zo nema ba.

A Legas na koya, lokacin da na je koyon aikin wuyan riga ina saurayi. Da sunan maganin ciwon baya aka fara ba ni, wai duk mai zaman keke sai da shi. Na dawo gida da sana'a na dawo da ita. Ni ba mai zama cikin mashaya ba ne, ban taɓa faɗuwa a kwata ba, ban taɓa dukan iyalina ba. Irin 'yan ƙananan ledojin nan nake sayowa can bayan bariki in zuba a durowar keke ƙarƙashin zare, in sha ɗaya in tauna kanumfari in ci gaba da aiki. Da farko ɗaya da yamma, daga baya ta kai sai na sha da safe kafin zare ya yarda ya shiga allura, saboda rawar da hannuna ke yi. Ku duba fa, tela, abincinshi a yatsunshi, amma sai ya saɓa ma Allah kafin ya iya zura zare.

Ba irin maganin da ban yi ba. Rubutu na sha har cikina ya saba da shi, an yi mani ruƙiyya da sunan ciwon kai, duk azumi sai in daina in yi kuka in yi alkawari, kafin a gama sittu shawwal na koma. Sau ɗaya na yi ta maza na je asibiti, na tarar mai yankar kati matar kwastomana ce, ta gaishe ni da sunana ta tambayi mutanen gida, sai na ce mata olsa ce ta dame ni, aka ba ni maganin olsa na dawo gida. Na duba a waya, na ga wai akwai taron da masu irin matsalata ke yi su taimaki juna, amma duk wanda na gani Abuja ne ko Legas, ko kuma ta bidiyo da Turanci. Ni kau Turancina na awo ne, iyakarshi tsawo da faɗi. Kuma a ina zan zauna in yi bidiyon, a shagon da kowa ke leƙowa, ko a tsakar gida gaban yara?

Ana nan sai wani dattijo ya kawo mani shadda zai ɗinka kaftani na bikin jikarshi. Tsohon soja ne, Bahaushe Kirista daga wajen Malumfashi, bari in kira shi Baba Kofur. Kun san aikinmu, in za ka auna wuya sai ka matso har numfashinka ya taɓa mutum. Ina sa mashi tef a wuya sai ya ce da ni a hankali, ba tare da ya kalle ni ba, “Malam, kanumfari ba ya rufe wannan. Shekara goma sha biyar na yi ina taunawa.” Wallahi tef ɗin sai da ya suɓuce mani. Na fara kame-kame ina cewa haƙori ke mani ciwo, bai yi mani gardama ba, ya karɓi alli ya rubuta lambarshi a jikin bango gefen awon mutane, ya ce in haƙorin ya dame ni in kira shi. Sati biyu ina kallon lambar nan a bango kafin in kira.

Shi ya fara kai ni wajen wani likita can nesa da unguwarmu, ya ce wanda jikinshi ya saba irin nawa ba ya tsayawa lokaci ɗaya ba tare da likita ba, yana iya faɗuwa. Sannan ya ce suna da zama duk Alhamis bayan la'asar. Da ya faɗi wurin sai da na miƙe tsaye. Ajin yara ne na nazire a bayan wani coci, can gaba da Ƙofar Kaura inda baƙi suka fi yawa, kuma ba ka isa ajin sai ka shiga ta get ɗin cocin. Na ce mashi Baba ka rufa mani asiri, ni Musulmi ne. Ya ce ai ya sani, ba addinina ya ce in kawo ba, ciwona ya ce in kawo.

Jama'a, ni dai abin da idona ya gani zan faɗa. Mu bakwai ne, wani lokaci takwas, ƙattin maza a kan 'yan kujerun yara, gwiwa har haɓa. Ba wa'azi, ba fasto, ba mai tambayar sunan ubanka. Kowa ya faɗi yadda satinshi ya wuce, wanda ya zame ya ce na zame, ba mai zaro mashi ido. Doka ɗaya ce, abin da aka ji a ajin nan da wanda aka gani, a nan ake barinshi. Ranar farko ban ce uffan ba, rana ta biyu na buɗe baki zan ce sunana sai kuka, ni da rabona da kuka gaban maza tun rasuwar mahaifiyata. A zuwana na uku na tarar Baba Kofur ya sayo buta da 'yar tabarma ya jingine a lungu, ya ce ya lura magariba na kama mu a hanya. Mu biyu ne Musulmi, ni da wani ma'aikacin gwamnati, mu yi sallarmu a baranda su kuma su yi shiru har mu sallame. Yau wata bakwai da kwana tara ban sa giya a bakina ba. Zare na shiga allura da bismilla kawai. Mai ɗakina ta ce har kalar idona ta canza.

Ga inda wautata take. Shi wancan ma'aikacin nesa yake aje motarshi, ya sa takunkumi a fuska ya tako da ƙafa, ni kau har tsiya nake mashi ina cewa kamar mai zuwa fashi. Ni sai in zo da mashin ɗina in kafe shi gindin dogon yaro bakin get, in ɗauki leda da yadi a hannu, tef a wuya, wai duk wanda ya gan ni zai ce aiki ya kawo ni. Na manta da rigar kujerar mashin ɗin. Ni na ɗinka ta da hannuna da ragowar koriyar shadda, na zuba mata aiki irin na wuyan babbar riga, duk Katsina babu ta biyu, har alfahari nake da ita. Ashe tambari na kafa ma kaina duk Alhamis daga la'asar har bayan magariba.

Tau ina da ɗiya, ita ce ta fari, shekararta ashirin da biyu, ta gama karatun koyarwa. Sunan mahaifiyata aka sa mata, Ummi muke ce mata. Kun san yadda muke da ɗan fari, ga kuma sunan uwa, ni da ita magana ba ta wuce ina kwana, lafiya lau, Allah ya yi maki albarka. Ko aike zan yi mata sai dai in faɗa ma uwarta. Ita ke share mani shago kowace safiya tun tana ƙarama, kafin in dawo daga masallaci ta gama ta shige ciki. Yarinyar nan ba ta taɓa sa ni magana ba. Wani yaro malamin makaranta ya fito, ɗan gidan malamai ne a cikin gari, shekara biyu suna tare, tana son shi yana son ta, ni ma na yaba da hankalinshi. Manyanshi sun zo an gaisa, an karɓa, saura sa rana. Sai suka shiga bincike kamar yadda aka saba, ni ko a jikina, don a ganina abin da nake tsoro ya riga ya wuce.

Ashe ƙanen mahaifin yaron, wani Alhaji, shi aka ɗora ma binciken, kuma shagonshi na siminti da rodi yana tsallaken titi, yana kallon get ɗin cocin nan. Wata bakwai yana ganin koriyar kujera bai san mai ita ba, sai ranar da suka zo gaisuwa ya gan ta a ƙofar gidana.

Sati uku da suka wuce ya zo shago shi kaɗai. Mutumin kirki ne, ba zan yi mashi ƙarya ba. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi jikin yayana, muka taɓa maganar tsadar kaya, har na ɗauka ɗinki ya kawo. Can ya gyara zama ya ce akwai wata 'yar magana da ya ga gara ya ji daga bakina. Sai ya ambaci Ƙofar Kaura da koriyar kujerar mashin ɗina. Bakina ya riga hankalina, na ce ai kayan 'yan waƙar cocin nake ɗinkawa, aiki ne, sana'a ba ta da addini. Ya yi murmushi ya ce, “Malam, ɗinkin da aka yi wata bakwai ana awo, ai ko giwa ake ɗinka ma riga ya ci a ce an gama.” Ya ce kuma ledar da nake shiga da ita ita nake fitowa da ita. Ya ce su ba su zarge ni da komai ba, amma gidansu gidan karatu ne, ba za su sa rana a kan abin da ba su gane ba. Ya yi mani sallama cikin mutunci ya tafi, ni kau na zauna ina kallon keke har aka kira azahar.

Ban san ta inda maganar ta fita ba, ba na jin Alhajin ne, ƙila yaran shagonshi, ƙila masu acaba. Kafin sati ya zagayo unguwa ta ɗauka. Wai na yi ridda a ɓoye. Wai an ba ni sabon keke na zamani, ni da kekena ya girmi Ummi. Wai har sabon suna aka raɗa mani. Wani malami da na shekara goma ina mashi ɗinki ya aiko a karɓar mashi yadinshi ba a taɓa ba. A masallaci wanda muka saba haɗa kafaɗa ya fara barin tazara, sai wani ya shigo tsakaninmu. Ni da nake ɓoyon kada a ce mashayi, sai ga shi ana ce mani abin da ya fi shi muni sau dubu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kuma abin da ya fi ƙona mani rai, shekara ashirin ina shiga sahu da warin giya a bakina ba wanda ya matsa, yanzu da nake shiga da bakina tsarkakakke aka fara gudu na.

Mun yi faɗa da mai ɗakina irin wanda ba mu taɓa yi ba. Ita kaɗai ta san komai tun farko, ita ta san inda nake zuwa, ita ma da farko ba ta so ba sai da ta ga canji. Ta ce in daina zuwa har a ɗaura aure, wata uku ne kawai, in an kai yarinya ɗakinta in na ga dama in tare a can. Na ce mata ba ta san abin da take faɗa ba, wata uku a wajena ba wata uku ba ne. Ta ce ita ta shekara ashirin tana rufa mani asiri, tana wanke mani riga da kanta kada a ji wari, tana ce ma danginta hawan jini ke sa ni barcin rana, ko uwar da ta haife ta ba ta faɗa mawa ba, yanzu ni ba zan iya daure wata uku saboda ɗiyar cikina ba? Na ɗaga mata murya, na ce mata ai dama ba lafiyata ta dame ta ba, bakin mutane ya dame ta. Maganar banza na faɗa, na sani, don ba ta ci wannan daga gare ni ba. Ta yi kuka, ni ma na fita ina jin kunyar kaina. Gaskiya ta faɗa, matsalar ita ce ni ma gaskiya na faɗa.

Kada wani ya ce mu canza wuri, na riga ku. Na tambayi Baba Kofur, ya ce kafin su samu ajin nan sun kama ɗaki, mai gidan na jin abin da ke tara su ya ba su kwana uku su tashi. Shi ɗaki biyu gare shi da jikoki cike. Na je wajen limaminmu, a fakaice na ce akwai wasu bayin Allah da shaye-shaye ya kama, suna son aron aji ɗaya a Islamiyya sati-sati su riƙa ƙarfafa juna. Ya ji daɗi ƙwarai, ya sa albarka, sannan ya ce su wane ne, 'ya'yan gidan wa, in kawo sunayensu a kira iyayensu a haɗu a yi masu nasiha. Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma kun san garin nan, ba a sanin mutum sai an san ɗan wane ne. Na ce zan dawo, ban koma ba. Shagona kau ko mutum uku suka cire takalmi a ƙofa sai maƙwabta sun ƙirga.

Sai na bi maganar mai ɗakina. Alhamis biyu ban je ba. Baba Kofur ya kira ya kira ban ɗauka ba, ya turo saƙo cewa kujerata na nan, ba wanda ya hau. Satin farko na daure, na yi ta azumi ina karatu. Sati na biyu barci ya ƙaurace, ƙaramin abu sai in hau yara da faɗa, in mutum ya wuce bai yi mani sallama ba sai in wuni ina saƙawa. Ranar Litinin na hau mashin zan sayo zare a kasuwa, wallahi tallahi ban san lokacin da na karya kan mashin ba, sai ga ni a bayan bariki. Matar da ke sayarwa ta gane ni, har da cewa kwana biyu, ta ɗauka na mutu. Na sayi ɗaya. Ban sha ba, Allah shi ne shaida, amma ban yar ba. Na kawo ta na tura ƙarƙashin zare a durowa, inda 'yan uwanta suka saba zama. Tun ranar ina ɗinki gwiwata na taɓa durowar nan, ina jin ta kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Shekaranjiya yayana ya kira ni, shi ne babba a gidanmu kuma shi ne waliyyin Ummi, bai san komai ba game da shan da nake yi. Ko zama bai ce in yi ba. Ya ce ranar Juma'a, wato gobe kenan, bayan an sauko masallaci Alhaji da manyansu za su zo zaurenshi, za a kawo Alƙur'ani, in dafa in rantse ina nan a kan addinina, in kuma rantse ƙafata ba za ta sake taka wurin nan ba. In ba zan iya ba, tau in faɗi abin da ke kai ni gaban kowa. Ya ce in na kunyata shi su za su janye, shi kuma ba ruwanshi da ni.

Rantsuwar farko ko sau ɗari ne zan yi, ban taɓa jin kusanci da Ubangijina irin na wata bakwai ɗin nan ba. Ta biyun ce ta tsaya mani a wuya. In na dafa Alƙur'ani na ce ba zan koma ba, ni na san abin da ke cikin durowata, sati biyu kawai na yi ban je ba, ga inda na kai. Za a ɗaura aure lafiya, surukai su samu mashayi na gaske maimakon wanda ya daina. In kuma na faɗi gaskiya, an wanke ni daga ridda an sa mani wata rigar, Ummi ta zama ɗiyar mashayi a gidan malamai, in ma sun yarda sun ɗauke ta kenan, duk ranar da ta yi kuskure a gidan da shi za a yi mata gori, ga ƙannenta mata uku na tafe a baya. Kuma ba ni kaɗai zan tona ba. Ina faɗin abin da ake yi a ajin nan ido zai koma kan get ɗin, a fara ƙirga masu shiga, bawan Allahn nan mai takunkumi yana da aiki da iyali, na yi mashi alkawari. Su Baba Kofur kuma tsorona kada a juya magana a ce suna jan Musulmi da dabara, kun san yadda irin wannan ke tashi a gari, mutanen da ba su yi mani komai ba sai alheri. Gaba kura baya sayaki, wallahi ji nake kamar an ɗinke ni cikin buhu.

Abin da ya sa na ɗauki waya na rubuto shi ne abin da ya faru yau da safe. Na dawo daga masallaci na tarar Ummi ba ta shige ciki ba kamar kullum, tana durƙushe gefen keke da tsintsiya a hannu, kanta a ƙasa. Ta gaishe ni na amsa, na jira ta tashi ba ta tashi ba. Sai ta buɗe hannunta ta aje 'yar ledar nan da na ɓoye a durowa a kan keke, a gabana. Jama'a, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ba ta ɗago ba ta ce, “Baba, tun ina aji uku na firamare nake kwashe fankon waɗannan ina jefawa a masai, don kada ƙannena su gani. Ko Mama ban taɓa faɗa mawa ba. Wata bakwai ina buɗe durowar nan ba na samun komai, kullum sai na yi sujada.”

Yarinyar da nake jin kunyar kiran sunanta, ashe shekara goma sha ina ita ke bin bayana tana share mani ƙazanta, ni ina nan ina taunar kanumfari ina ganin na iya ɓoyo. Da ƙyar na ce mata uwata, kin san abin da za a yi gobe, kin san in na je yau Alhaji na zaune a ƙofar shagonshi. Ta ce ta sani. Na ce yaron nan fa, ba ki son shi? Sai a nan muryarta ta karye, ta ce tana son shi, ba ta taɓa son wani ba. Ta share ido da gefen hijabi ta ɗauki tsintsiyarta, ta kai bakin ƙofa ta tsaya.

“Wannan ban jefar ba, Baba, kai za ka jefar. Kuma yau Alhamis.”

Tau ga ni nan zaune, ban yanka ko ƙyalle ɗaya ba tun safe. Da ta zage ni ko ta roƙe ni in zauna a gida da ya fi mani sauƙi. Yarinya ta ɗauki aurenta ta aje mani a kan keke ta ce in zaɓi lafiyata, ni kuma wane irin uba ne zai miƙa hannu ya karɓa? In kuma na ƙi karɓa na zauna, da wane ido zan kalle ta ranar da ta sake buɗe durowa ta tarar da fanko?

Don Allah masu hankali da malaman cikinku ku faɗa mani. Gobe a zauren Yaya in faɗi gaskiya ko in yi rantsuwar in bar sauran ga Allah? Akwai hanyar da zan wanke kaina ba tare da na tona mutanen ajin nan ba? In na samu Alhaji shi kaɗai yau na faɗa mashi tsakanina da shi, kuna ganin irinsu na iya riƙe magana, ko na kai kaina ne? Iyayen cikinku, tsakani da Allah, in ɗanku ne, za ku aura mashi ɗiyar mutumin da ya ce ya sha shekara ashirin ya daina wata bakwai? Kuma in akwai wanda ya san wani zama irin wannan a cikin Katsina, ko mai zaure ko aji da zai ara ma mutum bakwai awa biyu a sati ba tare da ya tambayi sunan ubansu ba, ya yi ma Admin magana, Allah zai ba shi lada.

Amma kafin gobe akwai yau. Ledar na nan a kan keke inda ta aje ta, ban taɓa ba, makullin mashin na kusa da ita. Ummi na tsakar gida tana wanke-wanke, na san kunnenta na waje tana jiran ta ji ko zan tada mashin. In tafi ko in zauna? An kusa kiran azahar.